Yadda Za Ka Zaɓi Linzamin Kwamfuta Mai Igiya Don Gasar Gem a Legas

Tun da muka fara haɗa 'yan wasanninmu na ƙarshen mako a Agege, da wuya sati ya zagayo wani yaro bai tare ni da tambayar nan ba: "Yaya, wane maus zan saya?" Wani yana tsaye a gaban mai shago a Ikeja zai turo mini hoton kwali, yana so in ce masa ya biya ko ya fasa cikin minti ɗaya. Wani kuma sai bayan ya saya, ya sha kashi a wasa uku a jere, sannan ya kawo mini shi a leda yana cewa alamar harbi tana ƙwace masa. Amsar tsaye ba ta isar wannan tambaya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda ni kaina nake bi.

A rubutu zan riƙa cewa linzami, amma a kasuwa ka ce maus, shi kowa ya sani. Maganar tawa ta fi shafar masu gem na harbi irin su Counter-Strike 2, Valorant, Warzone da Apex Legends, sai kuma masu Dota 2. In ƙwallo kake bugawa da fad, wato abin wasan gem na riƙewa da hannu biyu, ba ka da buƙatar wannan ɗawainiya.

Abin da za ka tanada kafin ka fara: tef ɗin tela ko rula, farar takarda da biro, sai laftof da za ka tafi da ita kasuwa, ko taka ko ta aro.

1. Tabbatar mai igiya kake so

Linzamai marasa igiya na zamani masu kyau sun kamo masu igiya a sauri, wannan gaskiya ce. Amma kuɗinsu ya fi yawa, kuma suna buƙatar caji. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, batir da zai mutu ana tsakiyar zagaye ƙarin damuwa ne. Mai igiya ba caji, ba ɗan guntun USB da zai ɓace a jaka, kuma da kuɗi ɗaya za ka samu ido, wato abin da ke ƙasan linzami mai karanta motsinsa, mafi kyau a mai igiya fiye da a marar igiya. In aljihunka ba shi da zurfi, nan ya fi maka.

2. Auna hannunka

Shimfiɗa hannun da kake wasa da shi a kan takarda. Auna daga layin farko na wuyan hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya. Sannan ka haɗe yatsu ka auna faɗi, har da babban yatsa. Rubuta lambobin biyu a wayarka.

Ma'aunin da 'yan wasa suka saba bi shi ne: ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu, daga 17 zuwa 19 matsakaici, abin da ya haura haka babba. Tsawon linzami kuwa ana rubuta shi a kwali ko a shafin kamfani da milimita. Logitech G102 bai cika milimita 117 ba, Razer Viper Mini yana wajen 118, DeathAdder yana wajen 127, G502 kuma 132. Tazarar santimita ɗaya da rabi a takarda ba komai ba ce, amma a tafin hannu bayan awa uku tana da yawa.

Gargaɗi: kada ka sayi abin da wani gwani na YouTube ke riƙewa don kawai shi ne gwani. Hannunsa daban, naka daban. 'Yan'uwa mata da yara 'yan sakandare su suka fi faɗawa wannan, a saya musu ƙaton linzami yatsunsu ba sa kai wa bakin maɓalli.

3. Gane irin riƙonka, sannan ka zaɓi siffa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ido mai kyau yanzu ya yawaita, kusan duk linzamin kirki yana da shi. Siffar da ta dace da hannunka ita ce ba a samu sai an nema.

Ɗauki kowane linzami da ke kusa, ko na ofis ne, ka shiga wasa na minti goma ba tare da tunanin hannunka ba. Ka sa wani ya ɗauki hoton hannun daga gefe lokacin da wasa ya yi zafi. Za ka ga ɗaya daga cikin uku.

Akwai mai kwantar da tafinsa gaba ɗaya a bayan linzami, yatsu a miƙe. Wannan riƙon tafi ne. Yana so linzami mai tudun baya, mai tsawo, wanda aka lanƙwasa shi don hannun dama, irin DeathAdder ko jerin EC na Zowie. Motsinsa daga gwiwar hannu yake fitowa, yana da natsuwa wajen bin abokin gaba da harbi, kuma hannu bai cika gajiya ba.

Akwai mai dafa ƙarshen linzami da gindin tafinsa, yatsu biyu a tanƙware kamar faratan shaho. Wannan yana so linzami matsakaici wanda tudunsa ya ja baya, gefensa kuma ya ɗan shiga ciki don babban yatsa da ɗan yatsan zobe su samu wurin kamawa. Masu wannan riƙo su suka fi saurin dannawa da fizgar alama zuwa kan abokin gaba.

Na uku shi ne wanda tafinsa ba ya taɓa linzami sam, da kan yatsu kawai yake juya shi. Shi ƙarami yake so, mai sauƙi, marar tudu. In ka ba shi G502 ka cuce shi.

Yawancinmu muna tsakanin biyu ne, kuma ba laifi. Abin da za ka duba idan linzami ya shiga hannunka a shago guda uku ne. Shin kana iya ɗaga shi daga tebur ba tare da ka matse shi da ƙarfi ba? Shin ƙaramin yatsanka yana da wurin zama, ko jan tebur yake yi? Shin babban yatsa yana kai wa maɓallan gefe biyu ba tare da ka sake riƙo ba? In ɗaya ya gaza, ajiye shi, komai kyansa.

Bahago ya lura: linzamai da yawa masu siffa iri ɗaya a gefe biyu maɓallan gefensu suna hagu ne kawai, wato an yi su don hannun dama. Razer Viper 8KHz yana cikin waɗanda ke da su a kowane gefe. Ka duba da idonka kafin ka yarda da "ai na kowa da kowa ne".

4. Nauyi

Ana rubuta shi da giram. G502 Hero giram 121 ne, kuma yana zuwa da ƙananan ƙarafa biyar masu giram 3.6 kowanne don mai son ƙari. G102 giram 85, SteelSeries Rival 3 giram 77, Glorious Model O giram 67, DeathAdder V3 mai igiya da HyperX Pulsefire Haste giram 59 kowanne.

Ga mai gem na harbi, ni nakan ce ya tsaya tsakanin 55 da 85. A wasa ɗaya za ka ɗaga linzami ka mayar da shi tsakiya sau ɗaruruwa, kuma kowane tsayawa bayan fizga aikin wuyan hannu ne. Mai Dota ko mai son maɓallai da yawa zai iya zama da mai nauyi lafiya.

Mu a nan an saba auna ingancin kaya da nauyinsa, a ce "ji nauyinsa, orijinal ne". A linzami wannan ma'auni ba ya aiki, kuma masu yin jabu sun san da shi. Zan dawo kan wannan a mataki na 8.

Gargaɗi: masu ramuka kamar saƙar zuma suna da sauƙi, amma gumin Legas da ƙurar hunturu ta ramukan nan suke shiga. In ɗakinka ba fanka mai ƙarfi kuma tafinka na zufa, nemi mai sauƙi marar ramuka.

5. Karanta kwali, ka san lambar da ke da amfani

Abu na farko da mai shago zai nuna maka shi ne DPI. Zai ce wannan 12,000 ne, wancan 25,000, don haka wancan ya fi. DPI yana nufin yawan ɗigon da alama ke tafiya idan ka matsar da linzami inci ɗaya. Sauri yake nunawa, ba daidaito ba. Yawancin ƙwararrun Counter-Strike da Valorant a 400, 800 ko 1600 suke wasa. Duk abin da ya haura haka da nisa ba za ka taɓa amfani da shi ba, don haka kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda shi.

Abin da za ka tambaya shi ne sunan idon da ke ƙasan linzami. Kamfanin PixArt na Taiwan shi ke ƙera mafi yawansu. In ka ga PMW3360, PMW3389, PAW3370 ko PAW3395, hankalinka ya kwanta. Logitech yana da nasa mai suna HERO, Razer yana da Focus, SteelSeries yana da TrueMove. In kwali ya cika da hoton dodanni da fitilu amma bai faɗi sunan ido ba, kuma ka bincika a intanet ba ka samu ba, to akwai dalilin ɓoyewar. Ka kuma zaɓi ido na haske, wanda ake rubuta "optical", a kan na lesa. Na lesa yakan ƙara ko ya rage tafiyar alama gwargwadon saurin hannunka, kuma wannan yana ɓata sabo.

Lamba ta biyu ita ce IPS, wato iyakar saurin da ido ke iya bi kafin ya rikice. PMW3360 yana kai wa 250, wato sama da mita 6 a daƙiƙa ɗaya, PMW3389 kuma 400. Hannun mutum da wuya ya kai nan. Ido mai arha kuwa, da ka fizge shi don juyowa baya, sai ka ga ɗan wasanka yana kallon sama ko ƙasa. Wannan ita ce ƙwacewar da yaran ke kawo mini kuka a kanta, kuma ba ta da gyara sai canji.

Lamba ta uku ita ce Hz, sau nawa linzami ke kai wa kwamfuta rahoton inda yake a daƙiƙa guda. Na ofis yawanci 125 ne, rahoto ɗaya kowace milisakan 8. A 500 ya koma 2, a 1000 ya koma 1. Dubu ɗaya shi ne abin da za ka nema. A 2021 Razer ya fito da Viper 8KHz mai 8000, kuma wasu sun biyo baya. Amma 8000 yana cin ƙarfin furosesa, a tsohuwar laftof har yakan sa wasa ya riƙa sarƙewa. Ka tuna kuma allo mai 60Hz yana sauya hoto ne kowace milisakan 16.7, mai 144Hz kowace 6.9, sannan daga Legas zuwa sabar Turai, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, jinkirin layi yakan kai kusan milisakan 100 ko ya wuce. Wanda ke wasa a wannan hali, ribar da ke tsakanin 1000 da 8000 ba za ta kai idonsa ba. In akwai rarar kuɗi, gara ta tafi ga allo ko ga intanet mai kyau.

6. Maɓallai, igiya da ƙafafu

Maɓalli shida sun ishi mai harbi: hagu, dama, taya, biyu a gefe, da na sauya DPI. A ƙarƙashin manyan biyun akwai makunni iri biyu. Na ƙarfe, irin na Omron, Kailh ko Huano, yana da daɗin dannawa, amma idan ya tsufa ko laima ta ci shi yakan fara danna biyu a dannawa ɗaya. Na haske, kamar wanda ke cikin DeathAdder V2 da V3 da Razer Cobra, ba ƙarfe biyu ke haɗuwa ba, don haka wannan cuta ba ta cika kama shi ba. A gari mai laima irin namu wannan abin dubawa ne. Na ƙarfen kuma in ya lalace ba ƙarshensa ke nan ba, mai gyaran waya da ya iya soda zai cire ya saka sabo da kuɗi kaɗan.

Igiya tunda ita ce maganarmu, ka taɓa ta da hannu. Riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga linzami ka saki. In ta zube kamar igiyar takalmi, mai kyau ce. In ta tsaya ƙiƙam da lanƙwasar kwali a jikinta, za ta riƙa ture maka hannu. Duba inda ta shiga jikin linzami da inda ta shiga kan USB, nan ne take fara karyewa, ya kamata a ga roba mai kauri ta tallafe ta. Tsawonta yakan kasance tsakanin mita 1.8 zuwa 2 da ɗan abu, ya isa har bayan kwamfutar tebur.

Ƙafafun da ke ƙasa ana yin masu kyau da PTFE, wata roba mai santsi. Su kasance sumul, gefensu ba kaifi.

7. Yi kasafi kafin ka fita

Farashin naira yana bin dala, abin da na faɗa yau gobe ya canza, don haka ga hanyar lissafi. Nemo farashin kamfani da dala. Rival 3 ya fito a kan dala 30, G203 a kan dala 40, Pulsefire Haste a kan dala 50, DeathAdder V3 mai igiya a kan dala 70. G102 da G203 abu ɗaya ne, sunan ne ya bambanta bisa ƙasar da aka kai shi. Ka ninka da canjin ranar. A ce dala tana naira 1,500, to mai dala 40 ya kama 60,000 ke nan, kafin kuɗin jirgi da ribar ɗan kasuwa. Tsofaffin samfura sukan sauko ƙasa da haka, amma ba sa saukowa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In an ce maka sabo fil a kwali naira 12,000, ka riga ka san amsar. Araha ba ta ado.

Cikin kuɗin da ka ware, cire na shimfiɗar linzami tun farko. Mai yadi mai faɗin santimita 45 da 40 ita ce daidai ga mai harbi. Linzamin dala 70 a kan teburin gilas ko katako mai ƙyalli bai kai na dala 30 a kan shimfiɗa mai kyau ba. Ka ƙara kuɗin mota, da ɗan abin da za ka riƙe ko da komawa ta kama.

In kuɗin bai kai na manyan kamfanoni ba, gara ka sayi na gaske daga ƙaramin kamfani irin Redragon, wanda ya rubuta sunan idonsa, da ka sayi jabu mai ɗauke da babban suna. Na hannu, wanda ake ce wa tokumbo, shi ma hanya ce, muddin ya wuce gwajin mataki na 9.

8. Shiga kasuwa

Computer Village da ke Ikeja ita ce matattarar wannan kaya, a layukan Otigba, Pepple, Ola Ayeni da kewayensu. Daga Agege tafiyar ba nisa, ko a danfo ko a jirgin ƙasan Red Line zuwa tashar Ikeja. Mutanen Ojo da Alaba Rago kuma Alaba International ta fi musu kusa. Ka je da hantsi a ranar aiki, lokacin mai shago bai gaji ba kuma akwai sararin gwaji. Ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas kan yi shara, shaguna ba sa buɗewa da wuri.

Tun daga bakin hanya 'yan kamasho za su tare ka: "Oga, me kake nema?" Ka gaishe su ka wuce. Wanda ya kai ka shago, ladansa a kan kuɗinka za a ɗora, kuma gobe ba za ka gan shi ba. Shiga shago mai suna a rubuce, mai rasit mai adireshi. Ka zaga uku ko huɗu kana tambayar samfuri ɗaya, ka ji inda farashi ya tsaya.

Ni ma an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi wani mai babban suna a hannun wani mai tebur a bakin titi, kwali mai kyau, nauyi a hannu, kuɗi kamar kyauta. Da na koma gida manhajar kamfanin ta ƙi ganin sa. Bayan sati biyu taya ta fara tsallake, na kwance shi, sai ga guntun ƙarfe an manna a ciki da gam don ya yi nauyi, idon kuwa irin na linzamin ofis. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin na tara su ne a hankali. Tun daga ranar ba na biya sai na gwada.

Alamomin jabu da ido ke gani: rubutun kwali ya yi dishi-dishi ko akwai kuskuren harafi, lambar siriyal ta kwali ba ta yi daidai da ta ƙasan linzami ba, roba tana ƙara idan ka matse gefe, wani abu yana kaɗawa a ciki idan ka girgiza. Samfuran da suka fi farin jini, irin G102 da G502 da DeathAdder, su aka fi kwaikwaya, don haka a kansu za ka fi sa ido.

Gargaɗi ga masu saye ta intanet: a Jumia ko Konga, duba ko wane ne mai sayarwar da abin da masu saye suka faɗa a kansa, ka karanta ƙa'idar mayar da kaya, ka kuma ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali. In ta Jiji ko Instagram ne, kada ka tura kuɗi kafin ka gani. Ku haɗu a wuri mai jama'a, da laftof a hannunka.

9. Gwaji kafin biya

Tun a gida ka sauke manhajar kamfanin a laftof: G HUB ta Logitech, Synapse ta Razer, GG ta SteelSeries. Kada ka bari sai a kasuwa, layin waya a cikin cunkoson nan ba abin dogaro ba ne. Ka ce wa mai shago cikin ladabi, "Oga, zan gwada a gabanka, in ya yi zan biya yanzu." Mai kaya na gaske yakan yarda, ko ya rubuta maka a rasit cewa za ka iya dawo da shi in manhaja ta ƙi shi. Wanda ya ƙi duka biyun, ka yi masa godiya ka fita.

Jona shi, ka bi wannan jeri. Da farko ka ga ko manhaja ta nuna sunansa da hotonsa, kuma in ka sauya DPI a cikinta saurin alama ya sauya. Wannan gwaji shi ya fi kama jabu. Zowie ba shi da manhaja, da maɓallan jikinsa ake saita shi, don haka shi sai ka dogara da sauran gwaje-gwajen da amincin shago.

Buɗe Paint, manhajar zane ta Windows. Ja layi a hankali a karkace, ka zana da'irori ƙanana. Layin ya bi hannunka, kada ya yi karkarwa, kada kuma ya miƙe da kansa kamar an sa rula. Sannan ka fizgi linzami da iyakar ƙarfinka hagu da dama sau goma. Alama ta tafi gefe ta dawo, kada ta yi sama ko ta daskare.

Danna kowane maɓalli sau ashirin a hankali, kana sauraron ƙararsa. Riƙe wani fayil ka ja shi ko'ina a allo, in ya suɓuce alhali ba ka saki ba, makunni ya gaji. Wannan ya fi muhimmanci a na hannu. Juya taya sama da ƙasa a dogon shafi, kada ta koma baya da kanta. Ɗaga linzami kaɗan daga shimfiɗa, da ya tashi kamar kaurin kati biyu ko uku na ATM ya kamata alama ta daina motsi. A ƙarshe ka lanƙwasa igiya a bakin linzami da bakin USB kana motsa shi, in fitila ta ɗauke ko kwamfuta ta yi ƙarar cirewa, waya ta karye a ciki.

Duk wannan bai wuce minti goma ba. In linzamin ya ci gwajin, a rubuta maka rasit da sunan samfuri, lambar siriyal da kwanakin garanti. In taransifa za ka yi, a asusun shago, ba na yaron shago ba.

10. Saiti a gida

Juya linzami ka duba ƙafafunsa. Wasu suna zuwa da siririyar leda a kai, mutane su yi wata guda suna wasa da ita suna cewa linzami ba ya tafiya. Ɓare ta.

Jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta. In ta tebur ce, a ramukan baya. Kada ka bi da shi ta ƙaramin akwatin raba USB mai arha tare da fanka da cajar waya.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta main.cpl, shiga shafin saurin alama. Bar sandar a tsaga ta 6 cikin 11, ka cire alamar da ke kan "Enhance pointer precision". Wannan saiti yana sa tafiyar alama ta dogara da saurin hannu, kai kuwa so kake tazara ɗaya ta ba ka juyi ɗaya kullum.

A manhaja, sa 1000Hz da DPI 800. Goge sauran matakan DPI ko ka kashe maɓallin sauyawa, don kada yatsa ya taɓa shi ana tsakiyar faɗa. In linzamin yana da ma'ajiyar saiti a cikinsa, adana a can, ta yadda in ka je gasa a kwamfutar wani saitinka zai biyo ka.

Sai saurin cikin gem. A Counter-Strike 2, DPI 800 da sauri 1.0 yana buƙatar tafiyar kusan santimita 52 kafin ɗan wasa ya juya da'ira cikakkiya. Kwatankwacinsa a Valorant wajen 0.314 ne, domin ana raba na Counter-Strike da 3.18. Fara daga nan. Tsaya a tsakiyar shimfiɗa ka share zuwa gefe, in ka kusa juyowa baya da shara ɗaya, kana kan hanya. In alama tana wuce kan abokin gaba, rage kaɗan. In ba ta kai wa, ƙara kaɗan.

Gargaɗi: da ka samu wanda ya kusa, ka bar shi sati biyu cur. Kuskuren da ya fi yawa a wurin yaranmu shi ne sauya sauri duk lokacin da aka ci su. Hannu ba ya koyon abin da ke canzawa kullum. Minti goma sha biyar a Aimlabs, gem ɗin atisayen harbi wanda kyauta ne a dandalin gem na Steam, kafin ka shiga wasa ya fi sauye-sauyen nan amfani.

Igiya kuma ka ba ta sarari. Ja linzami zuwa kusurwa mafi nisa ta shimfiɗa, ka ƙara ɗan rara, sannan ka manne igiyar da salatif a gefen allo ko bayan tebur yadda za ta ɗan tashi sama. Akwai ɗan abin riƙe igiya da ake sayarwa, amma salatif yana yin aikin.

11. Kula da shi

Da damina shimfiɗar yadi takan sha laima da gumi, sai ka ji linzami yana nauyi kamar ana riƙe shi. Kafin ka zargi linzamin, wanke shimfiɗar da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka shanya a inuwa ta bushe sarai. Da hunturu kuma ƙura ce, ka riƙa share ramin ido da auduga busasshiya, ka rufe tebur da ƙyalle in ka tashi.

In za ka saka shi a jaka zuwa gasa, kada ka naɗe igiya a jikinsa tamau. Naɗe ta daban a sassauce kamar faɗin tafin hannu, ka sa shi cikin safa mai tsabta ko ƙaramar jaka don matsin danfo kada ya danne maɓallai. Wajen cirewa, kan USB za ka kama, ba igiya ba. In kuma da janareta kake wasa, ka zare kwamfuta daga soket kafin a sauya layi, ko ka sa mata UPS, domin wutar da ta yi tsalle ta ƙona ramin USB takan tafi da abin da ke jone a ciki.